Abin da muka tsinta a hirar fada kan hasken da ke ratsa jiki

Ranar Asabar a fadarmu (wurin zaman hirarmu) ta Yantala, nan Yamai, wani ƙanenmu likita ya zauna da mu har dare, saboda an rubuta wa innarmu gashin daji, wato ƙona ciwon daji da hasken da ke ratsa jiki, kuma tsoro ya kama gida.

Ya ce wannan haske yana fi ɓata sassan da ƙwayoyinsu ke saurin sabuntawa: ɓargo, bangon hanji, fata, maraina da ƙwan mace, sai kuma jaririn da ke ciki. Shi ya sa ya nace: mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin a ɗauke ta hoto. Wannan ya fi tsaya mini a rai, don kunya kan hana matanmu faɗa.

Binciken da aka yi kan waɗanda suka tsira daga bama-baman nukiliyar da aka jefa a biranen Hiroshima da Nagasaki na Japan a 1945 ya nuna sankarar jini ce ta fara bayyana, sauran daga baya. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Carnobil, a ƙasar Yukren, a 1986, yara sun kamu da sankarar ƙaluluwar maƙoshi (thyroïde) ta hanyar madarar da gubar nukiliyar ta gurɓata.

Amma ya kwantar mana da hankali. Hoton ƙirji ɗaya kusan daidai yake da hasken da jiki ke sha daga ƙasa da iska a kwana 10. Sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, ita ce ta fi yawan haske, don haka a ajiye tsofaffin hotuna a nuna wa likita, kada a maimaita banza.

Game da Inna, ya ce kada ta daina zuwa gashin dajin, kada ta shafa wa wurin man gargajiya ko ta bar shi a rana. Idan fatar ta yi ja ko ta tsage, a koma asibiti.