Wace kalma zan sa wa "open source"? Jibi za mu naɗi shirin

Mai Shiri: Assalamu alaikum. Ina haɗa shirin rediyo kan yadda masu waya da kwamfuta za su riƙa tallafa wa ƙananan manhajojin "open source" da ɗan abin da ya sawwaƙa. Na rubuta "manhajar kyauta" amma raina bai kwanta ba. Yaya zan ce abu kyauta ne, sannan in ce a kawo kuɗi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Hajiya, cire kyautar nan. Abin nufi shi ne an bar rubutun da aka gina manhajar da shi a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba. Ganin ai kyauta ce shi ya sa ba a waiwayar masu ita. Da aka gano ɓarakar tsaro mai suna Heartbleed a manhajar OpenSSL a 2014, gudummawar da OpenSSL ke samu a shekara kusan dala 2,000 ce kawai, alhali ita ke tsare shafukan intanet bila adadin. Ni "buɗaɗɗiyar manhaja" nake cewa.

Ɗalibar Hausa: Ko "manhaja mai buɗaɗɗen tushe"?

Malamin Nahawu: Duk kun yi tsawo. "Buɗau" ta wadatar, a ma'aunin gagarau. Ita kanta "manhaja" Larabci ce, asalinta tsarin karatu. Har yaushe za mu yi ta ara?

Injiniya: Malam, littafi da alƙalami fa? Mu mayar musu?

Malamin Nahawu: Waɗannan sun daɗe, sun zama 'yan gida. Damuwata ita ce 'yan jarida na sakin kalma ba tare da sun tuntuɓi masana ba, gobe kuma a ce ita ce daidai.

Ɗalibar Hausa: Allah ya gafarta Malam, kalmomi nawa aka ƙirƙira a jami'a suka tsaya a takarda? Wadda kunne ya saba da ita ce ke rayuwa.

Malamin Nahawu: Kunne bai san ƙa'ida ba.

Mai Shiri: Don Allah a dawo kan batuna. Shi bayar da kuɗin fa? Tallafi, gudummawa ko sadaka?

Injiniya: Ban da sadaka, ba bara suke ba. Aiki suke yi, muna mora. A 2024 an gano ƙofar sirri ta kutse da wani ya dasa a xz Utils, wata manhajar matse fayiloli, bayan ya samu amincewar mutum guda da ke ta fama da kula da ita ba albashi. Irin waɗannan ake so a riƙe. Kaɗan duk wata ya fi musu mai yawa sau ɗaya, don sun san abin da ke tafe. Shafukan tara tallafi irin su GitHub Sponsors, da aka buɗe a 2019, da Liberapay da Open Collective duk suna karɓar haka.

Ɗalibar Hausa: Ai "karo-karo" ke nan, na wata-wata.

Mai Shiri: Madalla, na ɗauki wannan. Ɗayar kuma zan ce "buɗaɗɗiyar manhaja" in yi bayani a farkon shiri.

Malamin Nahawu: Karo-karo Hausa ce, ban ja ba. Ɗayar dai ban gamsu ba. Ki ambaci "buɗau" ko sau ɗaya, mu ji me masu sauraro za su ce.

Mai Shiri: In lokaci ya isa, Malam.