Shirun da mutum ya zaɓa da shirun da ya faɗo masa, a Sinanci da Japananci

Mai koyon Sinanci, Yamai:

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina koyon Sinanci, kuma ina taɓa aikin tafinta a wani kamfanin gine-gine a nan Yamai. A makon jiya wani magini ya yi wa shugaban aikinmu bayanin abin da ya sa katanga ta karkace, sai shugaban ya girgiza kai ya ce "wuyu" (无语). Da yake na san "wu" babu ne, "yu" kuma magana, sai na gaya wa maginin cewa maigida ba shi da abin cewa. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka an karɓi uzurinsa, ya ci gaba da aiki, washegari aka sa shi ya rushe katangar. Abin yana damuna ƙwarai, domin bakina ne ya jawo masa asarar yini guda. Ina roƙon masana su bambance mini wannan kalma da "chenmo", su kuma gaya mini ko haka Japanawa suke amfani da su.

Malamar harsuna, Tawa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ma'anar haruffan ka faɗe ta daidai, Hausar da ka zaɓa ce ta kauce. A bakin Sinawan yau, musamman matasa a intanet, "wuyu" kalmar takaici ce, wato mutum ya ji abin da ya ishe shi har bai ga amfanin amsawa ba. Da ka ce "maigida ya ce abin ya fi ƙarfin bakinsa", da maginin ya san ba a rabu lafiya ba.

"Chenmo" (沉默) kuwa shirun mai magana a ciki ne, wanda ya haɗiye ta da gangan, abin da mu muke cewa ya yi gum. Harafin farko nutsewa yake nufi, na biyun kuma, wanda a ganina ya fi daɗin nazari, an haɗa shi ne daga alamar baƙin launi da ta kare, har ƙamusun da masanin Sin Xu Shen ya kammala wajen shekara ta 100 ya danganta shi da karen da ke bin mutum. Shirun wuri kuma "anjing" ne, kuma idan taro ya yi tsit sai su ce ko kukan hankaka da gwara ba a ji.

Tsohon ɗalibi a Japan, Yamai:

Malama ta gama da Sinanci, bari in ɗora da ɗan abin da na sani. Japanawa sun ari haruffan "chenmo" suna karanta su "chinmoku", kuma ma'anar ba ta canza ba. Amma wanda magana ta yanke masa saboda firgita ko mamaki, "zekku" (絶句) suke cewa ya yi. Waɗannan haruffa biyu a Sin sunan waƙa ce mai layi huɗu da ta bunƙasa a zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, a Japan kuma suka ƙara ɗaukar ma'anar jimlar da ta tsinke a baki. Mutum shiru-shiru kuwa "mukuchi" ne, wato maras baki.

Kalmar da nake so ka riƙe, ɗan'uwa, ita ce "mokusatsu" (黙殺), shiru haɗe da kisa, wato a kashe zance ta hanyar ƙin kula shi. Bayan sanarwar Potsdam ta 26 ga Yuli 1945, wadda ta nemi Japan ta miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu, da wannan kalma aka ruwaito amsar firaminista Suzuki Kantaro ga ƴan jarida, ƙasashen ƙawance suka ɗauke ta a matsayin watsi da sanarwar, kuma ranar 6 ga Agusta aka jefa wa Hiroshima bam.

Malamar harsuna, Tawa:

Malam, a nan ina da ɗan gyara, domin ana yawan ba da wannan labari kamar tafinta ne ya jawo bam. Masana tarihi sun yi saɓani kan ko Suzuki yana nufin a dakata ne ko a yi biris, kuma a lokacin manyan sojojin Japan ba su yarda da miƙa wuya ba, saboda haka bai dace a ɗora wa kalma ɗaya nauyin yaƙi ba.

Mai koyon Sinanci, Yamai:

Allah ya saka da alheri, Malama da Malam. Yau da safe na sami maginin na ba shi haƙuri, na gaya masa cewa kuskuren daga gare ni ne, bai ce mini komai ba sai murmushi, kuma na san kawaici ya yi mini. Yanzu ina so in bayyana wa shugaban aikin irin wannan shiru na kawaici, don kada ya riƙa ɗaukarsa amincewa idan ma'aikata suka yi masa shi, amma "chenmo" ta yi mini nauyi. Wace kalma zan yi amfani da ita?