Tukunyar bakum ta ƙi sauka, ta ina za a fara neman yoyon?

Ɗalibin Fiziks: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Akwai tukunyar bakum ta ƙarfe da muke aiki da ita, wato rufaffiyar tukunya da ake zuƙe iskar cikinta, mai cin lita 30. A da famfo kan zuƙe ta har matsin iskar cikinta ya sauka ƙasa da milibar 0.01 (milibar ma'aunin matsi ne), yanzu kuwa ta cije a 0.05, ko da an bar famfon ya kwana yana aiki. Na bi ƙusoshin duka na ƙara ɗaurewa, babu canji. Ba mu da na'urar hiliyom ta neman yoyo, gejin Pirani mai nuna matsin iska ne kawai a jikinta. Da me zan fara?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye sifana tukuna. Ɗaure ƙusa a makance shi ke murƙushe zoben roba, a wayi gari an samu yoyo biyu maimakon ɗaya. Kuma har yanzu ba ka tabbatar yoyo ne ba. Abu uku ke sa tukunya ta cije haka: famfon ya gaji, ko danshi da datti na fita daga bangon ciki, ko kuma da gaske iska ke shigowa. Fara da famfon. Cire shi daga tukunyar, ka ɗaura gejin kaɗai a bakinsa. In ya sauka yadda ya saba, ya fita daga zargi. In bai sauka ba, duba mansa, sau da yawa ruwa ne ya gauraya da shi. Bayan nan ka mayar da komai, ka zuƙe, ka rufe bawul ɗin da ke tsakanin famfo da tukunya, ka riƙa rubuta abin da geji ya nuna kowane minti. Kawo mana lambobin.

Mai Gyaran Firij: Maganar Injiniya dutse ce. Mu ma a aikin firij da na'urar sanyaya ɗaki haka muke yi da gejin maikiron. Maikiron shi ma ma'aunin matsi ne, matsin iskar da muke shaƙa maikiron 760,000 ne, mu kan zuƙe har ƙasa da 500, sai mu rufe bawul mu zuba ido. In lambar ta hau sannan ta fara lafawa, danshi ne. In ta yi ta hawa ba sassauci, ƙofa ce a buɗe. Dalili kuwa, tururin ruwa yana da iyakarsa: a zafin digiri 20 ba ya wuce milibar 23 ko kusa da haka, ita kuwa iskar waje ba za ta daina shiga ba sai ciki da waje sun zo daidai. Kuma ka wanke kan gejin. Ɗigon mai ɗaya a kansa ya isa ya sa shi yi maka ƙarya.

Malama ta ɗakin gwaji: Tunda Pirani kake da shi, ai na'urar neman yoyon na hannunka, sai dai ka san yadda yake gani. Shi ba matsin iska yake aunawa kai tsaye ba. Siririyar waya ce a cikinsa, ta tangsten ko filatinam, da lantarki ke ɗumama ta. Iskar da ta rage a tukunyar ita ke kwashe zafin wayar. Iska ta yi yawa, waya ta huce. Iska ta ragu, waya ta ƙara zafi, turjiyarta ga lantarki ta sauya. Wannan sauyin ne ake karantawa ta haɗin da ake kira gadar Wheatstone. Marcello Pirani ya fito da dabarar tun 1906 a Jamus, kuma har yau ba ta tsufa ba.

To abin da ya shafe ka shi ne, kowane gas da yadda yake kwashe zafi, shi kuma gejin da naitirojin ko iska aka saita shi. Saboda haka in wani abu daban ya bi ta ƙofar yoyon ya shiga, lambar za ta motsa. Samu sirinji mai siririn baki ka zuba alkohol na isofurofil. Famfo na aiki, ka ɗiga kaɗan a kan mahaɗa ɗaya, ka tsaya ka kalli geji. In ka dace da wurin, wani lokaci lambar ta ɗan faɗi da farko domin ruwan ya toshe ƙofar, sannan ta yi tsalle sama idan tururinsa ya shiga. Ko sama ta yi ko ƙasa, motsin ne shaidarka. Ka fara daga ƙasan tukunyar ka hau sama, don kada abin da ka ɗiga ya gangaro ya ruɗe ka.

Ɗalibin Fiziks: Malama, asiton muke da shi da yawa. Zai yi?

Malama ta ɗakin gwaji: Yana motsa geji sosai, amma yana kumbura zoben Viton, wato robar da ke toshe mahaɗa, ni ba na kai shi kusa da roba. Kuma dukkansu suna kamawa da wuta, suna kuma ɓata man famfo in aka yi ta kwarara su. Ɗigo-ɗigo kawai. In kuna da tulun gas na agon, ya fi tsabta: hura shi a hankali, za ka ga Pirani ya yi ƙasa, don agon bai kai iska kwashe zafi ba.

Baba Mai Gilashi: 'Ya'yana, da tsohuwar zuma ake magani. Mu da sandar tartsatsi ta Tesla muka koyi wannan aiki. Ka zuƙe bututun, ka bi jikin gilashin da bakin sandar a hankali. Ragowar iskar ciki za ta yi haske ja-ja mai ratsin shuɗi, tartsatsin kuma a warwatse yake, sai ka iso kan hudar, nan take ya haɗe ya zama zare ɗaya fari tas ya nutse cikinta. Hudar da ido ba ya gani, ita ce za ta haska kanta.

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma tasa ta ƙarfe ce. Tartsatsin zai bi ƙarfen ne kawai.

Baba Mai Gilashi: Haka ne, don masu bututun gilashi na faɗa. Su ma kada su daɗe a wuri ɗaya, musamman inda gilashi ya yi siriri ko inda ya haɗu da ƙarfe, don tartsatsin da kansa yana huda shi. Kuma a nisanta shi da wayoyin geji.

Ɗalibin Fiziks: Na dawo. Famfon shi kaɗai ya sauka lafiya. Da na rufe bawul ga abin da na samu minti-minti: 0.05, 0.17, 0.29, 0.41, 0.53.

Injiniya: Madalla. Ka ga kowane minti 0.12 yake ƙaruwa, ba ya raguwa. Wannan yoyo ne na gaske. Lissafinsa: girman tukunya sau hawan matsi, a raba da daƙiƙoƙi. Lita 30 sau 0.48 da ya hau cikin minti huɗu, a raba da daƙiƙa 240, ya ba ka 0.06 milibar-lita a daƙiƙa. A aikin bakum wannan babbar ƙofa ce, Pirani zai kama ta ba wahala. Shawara biyu zan ƙara a kan ta Malama. In gejinka na da wayar fitar da sigina, yawancinsu tsakanin bolt 0 da 10 suke bayarwa, jona mita a kai ka riƙa kallon bolt ɗin. Motsin da allon gejin ke haɗiyewa, mita za ta nuna shi. Na biyu, kada ka yi gaggawa. Tukunya mai lita 30 da famfon da ke jan kamar lita 2 a daƙiƙa, sai an ba ta daƙiƙa 15 ko fiye kafin ta amsa sosai. Wanda ya yi sauri sai ya ɗora laifin a kan mahaɗa ta gaba.

Mai Injin Shafe: Bari in sa baki don waɗanda ke aiki a matsin da ya yi ƙasa da inda Pirani ke gani. Can sai gejin Penning ko na Bayard-Alpert, masu auna kwararar lantarkin da ƙwayoyin gas ke ɗauka bayan an caje su. A waɗannan, in ka hura hiliyom a kan yoyo lambar faɗuwa take yi, domin gejin bai ganin hiliyom sai kamar kashi ɗaya cikin biyar na yadda yake ganin naitirojin. Mutane da yawa na jiran ta hau, sai su wuce wurin. Mai famfon ayon ma, wato famfon da ke kama ƙwayoyin gas ta hanyar caje su, zai iya kallon kwararar lantarkin famfon kansa, tana bin matsin. Da hiliyom kuma daga sama ake farawa a sauko, tunda shi tashi yake yi. In yoyon ya yi ƙanƙanta ƙwarai, to babu makawa sai an aro na'urar hiliyom ta ainihi, irin wadda ta samo asali daga aikin Alfred Nier a Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu. Abin da ya sa take da kaifi, hiliyom a iska kashi 5 ne kacal cikin miliyan, kaɗan ya shiga za ta gane.

Ɗalibin Fiziks: Alhamdu lillahi, an kama shi. Walda da bawul duk shiru. Da na ɗiga a inda wayoyin lantarki ke ratsawa su shiga tukunyar, mita ta ɗan yi ƙasa, sannan ta harba sama. Na kwance, sai ga wani siririn karce ya ratsa mazaunin zoben daga ciki zuwa waje, zoben kuma ya baje ya taurare. In cika shi da giris ɗin bakum?

Malama ta ɗakin gwaji: A'a, ɗana. Giris zai rufe maka shi na ɗan lokaci ne, ya kuma tara ƙura. Sa sabon zobe. Karcen kuma ka goge shi da takardar yashi mai laushi sosai, kana bin zagayen mazaunin, ba kana ratsa shi ba. Ka wanke da alkohol, ka sa safar hannu kafin ka taɓa zoben. In za ka shafa giris, iya abin da zai sa shi ɗan sheƙi.

Injiniya: In ka haɗa, sake gwajin rufe bawul ɗin kafin ka ci gaba da aiki, don babbar ƙofa kan ɓoye ƙarama. Tunda tukunyar ta sha iska, za ka ga lambar ta hau da farko saboda danshi. Bar famfon ya yi 'yan sa'o'i, sannan ka auna, ka rubuta sakamakon a jikin injin tare da kwanan wata.