Su Skyscanner da Wego me za mu kira su da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "magwajin farashi"

Salamu alaikum jama'a. Maganar nan ta neman sunan Hausa ga shafukan da ake duba kuɗin jirgi ita nake so mu ƙarasa, tunda shawarwari sun taru kuma kowa ya kawo tashi. Turawa na ce ma irin su Skyscanner da Wego "metasearch", mu kuma har yanzu sai dai mu ce "wannan abin da ake duba tikiti", to wane daga ciki? Don kala biyu ne fa, kuma rashin raba su ne ke sa mutanenmu asarar kuɗi, musamman masu tafiya Umara da ɗaliban da ke karatu a Masar da Indiya.

Kala na farko su ne masu sayarwa. Wakanow na Legas, Travelstart mai hedikwata a Afirka ta Kudu, Almosafer ta Saudiyya. Waɗannan kuɗinka hannunsu yake shiga, su ke yanko maka tikitin, in jirgi ya soke tashi ko kana son canza rana su za ka nema. Kala na biyu kuwa su Skyscanner da aka kafa a Edinbura a 2003, da Google Flights da ya fito a 2011, da Wego da ƴan ƙasashen Larabawa ke yawan amfani da shi. Su galibi ba su sayar maka da komi, tattaro farashin kamfanonin jirgi da na masu sayarwa suke su jera maka, in ka danna sai su tura ka can wurin mai kayan ka biya.

Malam daga Daura da ya ce a kira su duka dillali, Allah ya ƙara ilimi, rabin maganarka na karɓa. Na farkon dillalai ne ba ko tantama, dillalin tikiti, an gama. Amma ka duba yadda ake yi a karar shanu ta Mai'adua, dillali shi ke tsayawa tsakani, a gabanshi ake tayawa a sallama, ya karɓi la'ada, in gobe magana ta taso shi ake nema don shi ya san mai saniyar. To Skyscanner in magana ta taso ba ya cikin cinikin, zai ce maka je ka wurin wanda ka biya. Gaskiya ne yana samun ɗan kamashonshi daga wajen mai sayarwa in ka bi ta hanyarshi, amma kuɗinka bai taɓa shiga hannunshi ba. In muka kira shi dillali mun koya ma mutane su riƙa bin wanda ba ya riƙe masu da ko sisi, wanda ke riƙe da kuɗin kuma ko sunanshi ba su duba ba lokacin da suke biya. Wannan shi ne babban abin da ke damuna wallahi, mutum ya ce maka "a Google na saya" alhali wani ƙaramin dillali ne a wata ƙasa ya karɓi kuɗin, ba lambar waya ba ofis a Najeriya.

Wani ya kawo "ɗan kamasho". Akwai hikima a ciki, amma ɗan kamasho motar da yake ma lodi yake tura ka, ba zai ce maka ga wata can ta fi araha ba.

"Injin bincike" kuma an riga an ba Google na gama-gari. "Rariya" na so ta ƙwarai don tana tacewa, sai dai masu rubutun kwamfuta da Hausa sun daɗe suna ce ma adireshin da ake dannawa a shiga shafi rariyar liƙau, kar mu haɗa masu biyu. "Ma'aunin farashi" ba laifi amma kunne sai ya tafi kan tiya da sikeli, kamar ana auna nauyin abu guda ne. Hajiyarmu da ta kawo "matattarar farashi", ranki ya daɗe wannan ita ce ta biyu a wurina, matsalarta kawai ta faɗi tarawar ba ta faɗi jerawar ba, kuma don jerawar muke zuwa wurin.

Shi ya sa na ce magwaji. Kalmar ba ƙirƙira ba ce, tana nan tun da, abin da ake gwada tsawo ko yawan abu da shi. Kuma mu Katsinawa muna da ƙarin riba a ciki, don a bakinmu "gwada mani" nuna mani ne, a lokaci guda kuma gwada wannan da wancan kwatantawa ne. Duka biyun shi ne aikin shafin, ya gwada maka farashi, ya gwada su da juna. Magwajin farashi. In kana son ka kebe shi ka ce magwajin kuɗin jirgi, tunda akwai na otal ma. Aikatau ɗin ma yana zama daram, "ka gwada farashi kuwa kafin ka biya?" ba wanda zai tsaya tambayar me kake nufi, ko Bakano da zai ji ta a matsayin jarrabawa ma'anar ba ta ɓace mashi ba.

To ga inda kalmomin biyu za su yi mana amfani, don ba don ado nake wannan wahalar ba. Kujera ɗaya a jirgi ɗaya tana iya zama farashi daban gwargwadon ƙasar da aka saye ta, kamfanonin jirgi suna duba inda cinikin ya faru. Mun ga wannan ƙuru-ƙuru a 2022 da 2023 lokacin da kuɗaɗen kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, da yawansu suka rufe ma dillalan gida kujeru masu araha sai masu tsada kawai ake gani daga nan, har Emirates ta dakatar da zuwa gaba ɗaya sai a Oktoba 2024 ta dawo. Ga kuma naira da aka saki a Yuni 2023 farashi ya yi sama. A lokacin mai ɗan uwa a Jidda ko Dubai da zai yanko mashi daga can sau da yawa shi ke samun sauƙi. Yanzu abin ya lafa amma bambancin bai mutu ba, shi ya sa shafi ɗaya ba ya isa.

Yadda nake ba mutane shawara, ka fara da magwaji, ba ɗaya ba, ka buɗe Google Flights ka buɗe Wego ko Skyscanner don ba dillalai iri ɗaya suke jerowa ba. Ka gwada tashi daga Kano ka gwada daga Abuja, wanda ke Daura ko Katsina ai Kano ce kusa, in Abuja ta fi araha sai ka ɗora kuɗin mota da kwana da abinci a kai ka ga ko har yanzu arahar na nan, sau tari ta gudu. Ka duba masu ya da zango a Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha, sukan fi na kai tsaye sauƙi amma ka duba awa nawa za ka zauna, kar ka kai tsohuwa ta kwana a kan kujerar filin jirgi don rarar da ba ta taka kara ta karya ba. Daga nan ka ɗauki lambar jirgin da ranar ka je shafin kamfanin da kanshi, sannan ka je wurin dillalin gida mai karɓar naira, sannan dillalin can ƙasar in tafiyar ta haɗa da zirga-zirga a cikinta, kamar Jidda zuwa Madina ko Riyad, nan shafukan Saudiyya da na kamfanin jirgin Flynas sukan fi nuna gaskiyar farashi.

Amma a kula, farashin riyal ko dala ba shi ne abin da zai fita daga asusunka ba, banki zai canza da nashi lissafin ya ɗora caji, wani katin ma ba zai wuce ba ko yana da iyaka. Sannan kaya. Tikiti mafi araha a magwaji sau da yawa jakar hannu kawai ya ƙunsa, mu kuma ba mu dawowa daga Umara hannu biyu, ga dabino ga jallabiyoyi ga zamzam, in ka sayi kilo daga baya ya cinye rarar har ya taɓa uwar kuɗi. Suna kuma ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi, gyara ta hannun dillalin waje aiki ne ja.

Jiragen cikin gida kuwa, su Max Air da Air Peace da Rano, ba kullum magwaji ke nuna su duka ba ko ya nuna da farashin da ya tsufa, in Katsina zuwa Abuja za ka daga filin Umaru Musa Ƴar'adua gara ka shiga shafin kowane kamfani da kanka. Aikin Hajji kuma ba ya cikin wannan lissafin, wannan ta hukumar alhazai ake bi ko kamfanonin da aka ba lasisi.

Saura jam'i. Ni "magwadan farashi" nake cewa, kamar yadda muke cewa mabuɗi mabuɗai, magwaji magwadai. Wani malamin Hausa ya rubuto mani cewa shi ma haka ya gani, dalin da ta koma ja a tilo ita ke dawowa a jam'i. Mutanen Daura in akwai yadda kuke faɗinta daban ku kawo mu ji, in babu ni daga yau haka zan riƙa rubutawa, dillalin tikiti ga mai karɓar kuɗi, magwajin farashi ga mai jerawa.