Abin da masu akufanca a Amurka suka ce game da buɗe shago

Akufanca dai shi ne maganin nan na mutanen Sin da ake soka siraran allurai a jiki. Na saurari hirar wasu masu wannan sana'a a Amurka, ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya ce makaranta ta koya masa inda zai soka allura amma ba ta koya masa lissafin haya ba, ka gama karatun shekara uku ko huɗu, ka ci jarrabawar hukumar tantance masu akufanca ta ƙasa da yawancin jihohi ke nema, ga bashin makaranta a wuya, sai ka zauna kai kaɗai kana jiran waya ta yi ƙara. Shawararsu: fara da hayar ɗaki ɗaya a asibitin wani, kar ka yi gaggawar kafa katafaren allo.

An yi musu sosai kan farashi. Wasu sun fi son tsarin da aka fara a birnin Portland a 2002, kujerun kishingiɗa a falo ɗaya, mutane da yawa lokaci guda, kowa ya biya daidai ƙarfinsa. Ni wannan ya fi kwanta min gaskiya. Medicare kuwa, wato inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi, tun 2020 tana biyan kuɗin akufanca, amma na daɗaɗɗen ciwon ƙugu kawai, har sau 12 cikin kwana 90.

Allura sau ɗaya sai kwandon zubarwa, nan babu musu. Wata ta ce abin da ya fi ba ta wuya shi ne koyon faɗa wa majinyaci, wannan ciwon naka na likita ne, tafi asibiti, alhali ranar ba ta yi ko sisi ba.