Masu zama a Ostiraliya, yaya kuke shirin lokacin gobarar daji?

Maman Hanif:
Salamu alaikum jama'a. Mun koma wani ƙaramin gari a jihar New South Wales saboda aikin maigida, gidan a bakin daji yake, bishiyoyin turare har jikin katanga. Maƙwabta sai maganar gobara suke wai daga 1 ga Oktoba har ƙarshen Maris lokacinta ne, kuma masu kashe gobarar garin ma ba ma'aikata ba ne, 'yan sa kai ne. Wallahi hankalina ya tashi ga yara ƙanana. Ta ina zan fara?

Baban Zara:
Wa'alaikumus salam Maman Hanif, ki kwantar da hankalinki. 'Yan sa kan nan su ne RFS, wato hukumar kashe gobarar karkara ta jihar, manoma ne da makanikai da malaman makaranta amma an horar da su sosai, ni ma ina cikinsu. Ki je ofishinsu ki gaishe su, a Satumba sukan buɗe ƙofa kowa ya zo ya yi tambaya. Abin da mutane ba su gane ba, yawancin gidaje ba harshen wutar ke cinye su ba, garwashi ne iska ke kwasowa daga nesa ya faɗa cikin indararo mai cike da busasshen ganye ko ƙarƙashin baranda, yana ci a hankali ba wanda ya lura. To ku share indararo tas, a aske ciyawa, itacen girki da tukunyar gas a janye su daga jikin bango, a samu tiyo da zai zagaye gidan kaf. In famfonku da lantarki yake aiki kar ku dogara da shi, lantarki yakan ɗauke ranar gobara.

Hajiya Uwani, Victoria:
Ƙanwata ni dai shawarata ku yanke tun yanzu ke da maigida, yaushe za ku fita, ina za ku, wa zai ɗauko yara a makaranta. A nan ranar 7 ga Fabrairu 2009 mutum 173 suka rasu, wasu a cikin mota suna ƙoƙarin gudu bayan hayaƙi ya rufe hanya. Allon nan na bakin titi mai kala huɗu da ke nuna girman haɗarin gobara, in aka ce gobe kibiya za ta kai ja ku tafi tun da daddare ko da asuba, kar ku tsaya sai kun ga wuta. Fasfo, magani, ruwa, bargon ulu da rediyo mai batir duk a jaka ɗaya kusa da ƙofa. Kayan leda kar a sa wa yara, narkewa suke a jiki.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri. Baban Zara in mun kira lambar gaggawa 000 motar kashe gobara za ta zo gidanmu kenan?

Baban Zara:
Ki kira, amma ranar da wuta ta yi ƙarfi motocin ba sa isar kowane gida, shi ya sa maganar Hajiya ta fi tawa muhimmanci. Ki sauke manhajar Hazards Near Me mai ba da gargaɗin gobara a wayarki yau.