RAV4 za ta kai ni gona da damina, ko dole sai Hilux?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san mota. A Kano nake zaune, amma ina noman shinkafa a wajen Auyo, jihar Jigawa. Kwalta ce har kusa da garin, nan ba ni da damuwa. Ragowar hanyar zuwa gona ita ce bala'in: da rani yashi ne mai laushi, da damina taɓo, ga kwarin da tayoyin tarakta da manyan motocin ɗaukar shinkafa suka haƙa. Corollar da nake hawa kullum cikinta na gugar ƙasa, salansa har ta gaji da walda.

Dillali ya nuna min RAV4 ta 2010 'yar Beljiyam, akwai kuma Subaru Forester ta 2012 a hannun wani. Yayana ya ce duk motocin gayu ne, in ba Hilux ba kada in ɓata kuɗina. To kuɗin ba su kai Hilux mai lafiya ba, kuma mota ɗaya ce a gidan, ita za ta kai yara makaranta, ita za ta kai uwargida unguwa. Me kuka gani?

Bakanike a Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a yi maganar wacce ta fi, ka fara tabbatar da cewa RAV4 ɗin tana ja da taya huɗu. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka gaba kawai suke ja, jikinsu ɗaya da masu ja da huɗu, ba ka bambancewa da ido daga nesa. Tambarin 4WD da ke ƙofar baya kuwa kowa na iya sayensa a kasuwarmu ya manna. Ka kwanta ka leƙa ƙarƙashinta. Za ka ga dogon ƙarfe, farfela, ya taso daga giya ya nufi aksul na baya, daga nan kuma ƙananan shaf biyu sun shiga tayoyin baya. In babu su, Corolla ce mai tsayi kawai za ka saya.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Wata motar asalinta mai ja da huɗu ce, amma da aksul ya fara ƙara sai wani ɗan uwanmu ya cire farfelar ya jingine ta a bango, ya ce wa mai motar ai yanzu ma za ta rage shan mai. Motar tana tafiya lafiya lau a kwalta, ba wanda zai sani sai ranar da ta shiga laka. Na ga irin haka ba sau ɗaya ba.

Sai injin. RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai injin 2.4 an san ta da shan baƙin mai saboda zoben fistin. Daga 2009 aka koma injin 2.5, shi ya fi kwanciyar hankali, to in ta 2010 ce da gaske ka dace. Ka duba lambar shasi, kada a sayar maka da ta 2007 da aka sauya wa fitilu da bamba.

Baban Ummi: Na gode, Oga. Wallahi ban leƙa ƙarƙashinta ba, fenti da kujeru kawai na tsaya kallo.

Ɗan Gembu: Ni dai ina bayan yayanka. Mu da ke hawa Mambila daga Mayo Selbe mun san abin da ake kira hanya. Da damina in ka bar babban titi ka nufi ƙauyuka, tsofaffin Land Rover da Hilux da Land Cruiser ne kawai ke dawowa da ƙafarsu. Waɗannan ƙananan ba su da ƙaramar giya, wato 4L, ba su da shasi na daban, jiki da shasi haɗe suke kamar na ƙaramar mota. Ka ci gaba da tara kuɗi, Malam.

Injiniya daga Kaduna: Ɗan Gembu, abin da ka faɗa gaskiya ne amma hanyarku daban, tasa daban. Ku dutse kuke hawa da gangara mai santsi, nan ƙaramar giya take aiki. Shi fadama ce shimfiɗaɗɗiya, abin da ke kama shi cikin mota ne ke zama a kan tudun da ke tsakanin sawun taya biyu.

Baban Ummi, ga yadda abin yake. Toyota ta fito da RAV4 a 1994 da nufin haɗa sauƙin ƙaramar mota da tsayin jif, kuma har yau a tsakiyar nan take. Ƙirar 2006 zuwa 2012 tazarar cikinta da ƙasa wajen santimita 19 ce. Wadda ta biyo baya, ta 2013 zuwa 2018, ta fi kyan gani amma an sauke ta zuwa wajen 16, don haka a hanyarka tsohuwar ta fi sabuwar amfani, ko da dillali zai ce maka akasin haka. Forester kuwa tana da wajen 22, kuma tayoyinta huɗu suna ja a kowane lokaci. RAV4 gaba take ja a yawancin tafiya, sai ta ji santsi take tura ƙarfi baya. Akwai maɓalli a gaban direba da ke kulle ta a huɗu, amma da ka wuce gudun kilomita 40 a awa sai ya saki da kansa. Ka danna shi kafin ka shiga wuri mai wuya, ba bayan ka kafe ba.

Abin da mutane ba sa sani shi ne, abin da ke tura ƙarfi baya ɗan kulochi ne a bakin aksul. In ka kafe a yashi kana ta taka totur tayoyi na juyawa a banza, zai yi zafi, fitila ta kama, motar ta koma ja da gaba kaɗai har sai ya huce. Ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi. Hilux ba ta da wannan, ƙarfe ne ke riƙe da ƙarfe. Wannan shi ne ainihin bambancin da kake biya.

In aikin laka kawai za a duba, Forester ta fi. In aka dubi wanda zai gyara ta, labari ya sauya.

Bakanike a Ƙofar Ruwa: Injiniya ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Injin Subaru a kwance yake, fistin biyu hagu biyu dama, ko fulogi za a sauya sai an sha fama. Kayanta sai an aika kasuwar Ladipo a Legas, wani lokacin a jira. RAV4 kuwa kayan injinta da yawa ɗaya ne da na Camry, yaron shago ma ya san su. In ta tsaya maka a Haɗeja za ka sami mai taɓa ta. Forester ta tsaya a can, sai dai a nemo motar da za ta jawo ta Kano.

Maman Khalifa: Ku yi haƙuri in sa baki, tunda an ce motar gayu ce. Aikin rigakafi nake yi a arewacin Yobe, wajen Yusufari da Machina, inda yashi ya fi na Auyo nesa ba kusa ba. Motar ofis Hilux ce, amma tawa ta gida RAV4 ce irin wadda ake magana, kuma tana shiga ƙauyuka da dama. Direbanmu, wani dattijo Bamange, shi ya koya min: kafin ka shiga yashi ka tsaya ka rage iskar taya zuwa wajen 18 ko 20. Tayar sai ta baje, ta riƙa hawa kan yashin maimakon ta haƙa shi. Ka riƙe gudu ɗaya, kada ka taka burki da ƙarfi, kada ka murɗa sitiyari kwatsam. In ka ji ta fara nutsewa ka ɗaga ƙafarka nan take, ka yi baya a kan sawunka. Da safe yashi ya fi ƙarfi saboda raɓa, da azahar ya fi cin mota. Sai ka sayi ɗan famfon iska mai aiki da batirin mota, domin in ka hau kwalta da taya a sace za ta yi zafi ta fashe, kuma mai faci ba ya nan a bakin daji yana jiranka.

A but ɗina kullum akwai shebur, igiyar ja mai ƙarfi, da guntun katako na ɗora jak. Na taɓa ganin Hilux sabuwa fil ta kafe har aksul, mu muka wuce ta, saboda direban ya ƙi rage iska wai kada a raina motarsa.

Ɗan Gembu: Hajiya, yashi daban, taɓo daban. A taɓon fadama rage iska ba zai fitar da shi ba.

Maman Khalifa: Haka ne. Shi ya sa ban ce komai a kan damina ba, na bar muku.

Manomi a Kafin Hausa: To ni maƙwabcinka ne, na san hanyar da kake faɗa. Daga Nuwamba zuwa Yuni RAV4 za ta kai ka har bakin gona. Yuli ma da dabara. Amma Agusta da Satumba, in kogin Haɗeja ya cika ya malalo, ko mai Hilux a gari yake ajiye ta ya hau babur ko amalanke, wani lokacin ma kwalekwale. Kada ka sayi mota saboda wata biyun da babu motar da ke shiga.

Abu biyu zan roƙe ka. Na farko ruwa. In ya wuce tsakiyar taya kada ka shiga, ko da ka ga wani ya wuce. Inda injin ke shaƙar iska a gaba yake kusa da fitila, in ya zuƙi ruwa sandar fistin ce ke lanƙwashewa, sai sabon injin. Ka sa yaro ya taka da ƙafa ka ga zurfin tukuna. Na biyu kaya. Na san halinmu, ranar girbi sai a ce bari a ɗan sa buhu biyar a baya. Buhun shanshera biyar da mutum biyu a gaba sun kai ko sun wuce abin da aka ƙera ta ta ɗauka, bayanta zai zauna, tsayin nan da ka saye ta dominsa ya tafi, shokoki su mutu. Ka bar wa masu a-kori-kura aikinsu.

Injiniya daga Kaduna: Ƙari kaɗan. Tayoyin da take zuwa da su daga waje na kwalta ne, wasu ma na ƙanƙara, ba sa jure zafinmu. Ka ware kuɗin taya huɗu masu manyan haƙora, irin waɗanda ake rubuta A/T a jikinsu, duka iri ɗaya girma ɗaya. Mota mai ja da huɗu ba ta son a haɗa mata sabuwa da tsohuwa, kulochin nan na baya ne ke shan wahalar. Ka kuma sa a ƙera maka faranti na ƙarfe a ƙarƙashin injin, robar da ke wurin kututture ɗaya zai yage ta.

In ka ci karo da Suzuki Grand Vitara ta 2006 zuwa sama, ka duba ta. Girmanta kusan ɗaya da RAV4 amma wasu daga cikinsu suna da ƙaramar giyar da Ɗan Gembu ke magana. Sai dai ita ma kayanta ba su kai na Toyota yawa ba. Mai V6 a RAV4 kuwa ƙarfi kamar me, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba na ba mai zirga-zirgar Kano zuwa Jigawa shawarar ta.

Wani daga Zinder: Ku ƙara masa da duba ko ruwa ya taɓa cin motar a can Amurka. Ya ɗaga kafet ya shinshina, ya duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru da ƙusoshinsu. Ya kuma ga takardun kwastan da idonsa kafin ya biya ko sisi.

Baban Ummi: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na koma wajen dillalin da yamma na kwanta a ƙasa da fitilar waya, yana ta dariya. Farfela tana nan, shaf biyu na baya suna nan, maɓallin kullewa ma yana kawo wuta. Tayoyin ne kala uku. Na ce masa sai ya rage min kuɗin taya huɗu, ya ce zai yi magana da mai motar. Oga na Ƙofar Ruwa, zan turo maka saƙo ta ciki, ina so ka ɗora ta a rami ka duba min aksul ɗin da lambar shasi kafin Juma'a.

Bakanike a Ƙofar Ruwa: Ka zo da safe kafin rami ya cika, Alhaji. Kuma ka ce kada su tada ta kafin mu iso, ina so in ji ƙarar injin yana sanyi.